Filin Tambaya da Amsa: Mai Sharhin Ƙwallo Ya Yabi Ƙarfin Baƙar Fata, Yabo Ne Ko Wariya?

Da yawa daga wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan daga Saudiyya suka fito, kuma a kan magana ɗaya suke, saboda haka na zaɓi uku na haɗa su wuri guda.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, a Makka aka haife ni, muna zaune a Shara Mansur. Muna kallon wani wasa na gasar Saudiyya a gidan Kawuna bayan sallar isha'i, sai wani ɗan wasan tsakiya, ɗan Afirka ta Yamma, ya tare ƙwallo a tsakiyar fili, ya yanke mutum biyu, ya miƙa wa ɗan wasan gaba ya zura a raga. Mai sharhi ya ɗaga murya yana yabonsa, ya ce Allah ya hore wa mutanen Afirka jiki irin na dawaki wanda ba ya gajiya, sannan ya ƙara da cewa irin waɗannan 'yan wasa idan aka ajiye musu mai kaifin basira a gefe wanda zai tsara musu wasa, babu mai iya tare ƙungiyarsu. Na ce wannan wariyar launin fata ce. Kawu ya ce yabo ne, mutumin bai zagi kowa ba, ayyuka kuma da niyya suke, kuma mu yaran yanzu mun kwaso rigimar Amurka mun kawo ta ƙasa mai tsarki. Ya ƙara da cewa ai gaskiya mutumin ya faɗa, in ina musu in dubi masu tsere. Har yau ba mu daidaita ba. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Wani ɗalibi, Makka

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Ra'ayina shi ne maganar da ka ji magana ce ta wariya, ko da yake a rigar yabo ta fito, amma ita kaɗai ba ta isa a yanke wa mai ita hukuncin cewa yana ƙin baƙar fata ba. Ina zaton cakuɗa waɗannan abubuwa biyu ne ya hana ku daidaitawa, domin kai kana magana a kan abin da aka faɗa, Kawu kuwa yana kare zuciyar wanda ya faɗa.

Ka sake duba wasan kamar yadda ka bayyana mini shi. Kafin mutum ya tare ƙwallo a tsakiyar fili sai ya hango inda mai riƙe da ita zai jefa ta tun ba a jefa ba, ya bar wurinsa a daidai lokacin da ya kamata, domin in ya yi gaggawa za a lura da shi a sauya hanya, in ya makara kuma ya bar rami a bayansa. Kafin ya yanke mutum biyu sai ya yaudare su da motsin kafaɗa ko na ƙafa. Kafin ya miƙa ƙwallon da ta zama ci sai ya ɗaga kai ya auna gudun abokinsa da tsayuwar masu tsaron baya, ya kuma auna nauyin bugun da zai yi. Duk wannan aikin kai ne, ƙafa aike kawai aka yi mata. Mai sharhin ya kalli wannan duka, sai ya ɗauke shi daga hannun ɗan wasan ya danƙa wa halittar mutanen nahiya guda, sannan a rabin maganarsa na biyu ya nuna cewa basira sai an nemo ta daga wajen wani. Kamar a ce gwanin magini ya gama tsara bene mai hawa huɗu, sai maigidan ya tsaya gaban jama'a yana yaba masa da iya ɗaukar bulo. Ba zagi ba ne, amma an rage masa matsayi, kuma gobe in za a ba da aikin tsara gini ba shi za a kira ba.

Da a ce mutum ɗaya ne ya yi wannan furuci sau ɗaya, da sai a kira shi suɓul da baka a wuce. Abin ya fi haka yawa, kuma an ƙirga shi. A 2020 wani kamfanin bincike na ƙasar Denmark mai suna RunRepeat, tare da ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallo ta Ingila, sun bi diddigin kalamai 2,073 da masu sharhi suka yi da Turanci a kan 'yan wasa 643, a wasanni 80 na manyan gasannin Ingila da Italiya da Sifaniya da Faransa na kakar 2019/2020. Sun samu cewa idan ana maganar basira, fiye da kashi 62 cikin 100 na yabo ga masu hasken fata yake tafiya, yayin da kashi 63 cikin 100 na suka yake sauka a kan masu duhun fata. Idan kuma maganar ƙarfi ce, yiwuwar a ce da mai duhun fata ake ta ninka fiye da sau shida, maganar gudu kuma fiye da sau uku. Babu wanda zai ce duk waɗannan masu sharhi sun zauna sun ƙulla makirci. Sabo ne da harshe ya yi, ya gaje shi daga magabata, har ya zama mai magana ba ya jin nauyinsa. Sharhin Larabci da muke saurara a nan ba a cikin wannan ƙidaya yake ba, amma duk mai kunne ya san yadda ake saurin kamanta ɗan wasa baƙi da damisa ko zaki ko tankar yaƙi, a bar wa wani laƙabin injiniya ko malami.

Wannan sabo yana da farashi, kuma 'yan wasan ne ke biya. Mutanenmu ba su manta da John Mikel Obi ba, haifaffen Jos, wanda a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan a 2005 shi ne ke tsara wa Nijeriya wasa, har aka ba shi kyautar ɗan wasa na biyu mafi ƙwazo a bayan Lionel Messi. Da ya je Chelsea sai aka mayar da shi mai tare hanya a gaban masu tsaron baya, a nan ya yi mafi yawan shekarunsa. Ba na cewa launinsa ne kaɗai dalili, domin koci yana da lissafinsa, kuma Mikel ya ci kofuna a wannan matsayi. Amma idan aka daɗe ana gaya wa masu neman 'yan wasa da masu ƙungiyoyi cewa abin da ake samu a wajen ɗan Afirka shi ne ƙirji da huhu, to abin da za su je nema ke nan, kuma abin da makarantun ƙwallo za su yi ta renowa ke nan. A 2014 Willy Sagnol, yana kocin Bordeaux a Faransa, ya fito fili ya ce amfanin ɗan wasan Afirka shi ne araha da ƙarfi da shirin fafatawa, amma ƙwallo tana buƙatar dabara da basira da ɗa'a. Ya sha suka, daga baya ya nemi afuwa, sai dai ya riga ya bayyana irin tunanin da ake sayen 'yan wasa da shi. Bayan an rataye takalmi kuma abin ya fi fitowa fili: wani rahoto da aka fitar a Ingila a 2022 ya nuna baƙar fata su ne kashi 43 cikin 100 na 'yan wasan Firimiya, amma ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu horarwa a manyan rukunan ƙasar ba. Wanda aka shekara goma sha biyar ana yabon cinyarsa, da wuya mai ƙungiya ya tuna da shi ranar da yake neman wanda zai riƙe allon dabaru. Mutanen Jidda kuwa sun ga akasin wannan zato da idonsu, domin Pitso Mosimane na Afirka ta Kudu, wanda ya ci kofin zakarun Afirka sau uku, shi ya dawo da Al-Ahli babban rukuni a 2023 bayan ta faɗa na biyu.

Sai hujjar Kawu ta masu tsere, wadda ita ce mafi ƙarfi a cikin hujjojinsa, kuma bai kamata ka yi mata riƙon sakainar kashi ba. Gaskiya ne tun daga shekarun 1980 mafi yawan masu kaiwa zagayen ƙarshe na tseren mita 100 a gasar Olamfik mutane ne masu tushe a Afirka ta Yamma, galibi daga Amurka da Jamaika da maƙwabtanta, kuma har yanzu ba a karya daƙiƙa 9.58 da Usain Bolt ya kafa a Balin a 2009 ba. Gaskiya ne kuma Kenya da Habasha sun mamaye gudun fanfalaki. Amma da ka matso kusa sai ka ga hujjar ta rabe gida biyu. Masu gudun fanfalakin Kenya yawancinsu 'yan ƙabilar Kalenjin ne daga tsaunukan Eldoret da Iten, inda ƙasa ta haura mita 2,000 a kan teku, sirara ne marasa nauyi, ba su yi kama da ƙartin Jamaika ba ko kaɗan. Nijeriya mai mutane fiye da miliyan 200 ba ta shahara da gudun fanfalaki ba. Jamaika kuwa tana da gasar tsere ta makarantun sakandare tun 1910, wadda ake cika filin wasa domin kallonta, yaro yana tashi ya san gudu hanyar arziki ce. A gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021 Su Bingtian na ƙasar Sin ya yi daƙiƙa 9.83 ya shiga zagayen ƙarshe. Masana ƙwayoyin gado kuma sun tabbatar da cewa bambancin da ke tsakanin al'ummomin Afirka ya fi na kowace nahiya yawa. Ba na musun cewa gado yana da hannu a ƙirar jikin mutum, kowa ya ga dogayen 'yan ƙabilar Dinka ta Sudan ta Kudu ya san haka. Abin da nake musu shi ne a ce akwai wani jiki guda ɗaya mai suna jikin baƙar fata, wanda Bahaushe da Bahabashe da mutumin Kongo duk suke sanye da shi. Kuma ko da an yarda da rabin farko na maganar mai sharhin, wane tsere ne ya tabbatar da rabi na biyu, wato cewa sai an ajiye musu mai tunani a gefe? Nwankwo Kanu bai taɓa tsere wa kowa da gudu ba, da wayo ya ci abinci. Jay-Jay Okocha ba da ƙirji ya yi suna ba. Erling Haaland kuwa ƙato ne mai gudu, ana yabon ƙarfinsa kullum, amma ba ka taɓa jin an ce mutanen Norway sai an nemo musu mai basira ba. Wannan shi ne ma'aunin da nake ba ka shawara ka riƙe: a sauya launin ɗan wasan a bar wasan yadda yake, shin maganar za ta fito haka?

Game da niyya, hadisin da Kawu ya jawo ingantacce ne, sai dai wurinsa daban. Niyya ita ke tantance lada da zunubi tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma haƙƙin mutane ba ya faɗuwa don kawai ba a yi nufin cutarwa ba. Malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa wanda ya lalata dukiyar wani bisa kuskure ba shi da zunubi, amma biya yana kansa. A Satumbar 2019 wani dattijo mai sharhi a wata tashar talabijin ta Milan, Luciano Passirani, yana cikin yabon Romelu Lukaku, yana cewa babu irinsa a Italiya wajen ƙarfi, sai ya ce hanyar tare shi kawai ita ce a jefa masa ayaba goma ya ci. Da nufin yabo ya faɗa, ya kuma nemi gafara, amma tashar ta daina gayyatarsa, domin a ƙasar da 'yan kallo ke yi wa baƙaƙen 'yan wasa kukan biri babu wanda bai san inda ayaba ta dosa ba.

Labarin Ron Atkinson, tsohon koci mai sharhi a talabijin a Ingila, ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma ya fi kusa da gardamarku. A Afrilun 2004, bayan Monaco ta doke Chelsea a wasan kusa da na ƙarshe na gasar zakarun Turai, Atkinson yana zaton an kashe makirufo, sai ya siffanta ɗan wasan Chelsea Marcel Desailly da lalaci da daƙiƙanci, ya haɗa da kalmar cin mutunci mafi muni da ake yi wa baƙar fata a Turanci. Masu kallo a Ingila ba su ji ba, a nan Gabas ta Tsakiya aka ji, domin layin da ke kawo wasan bai yanke ba. Washegari ya ajiye aikinsa a tashar ITV. To wannan mutum shi ne kocin da a ƙarshen shekarun 1970 yake sanya baƙaƙen 'yan wasa uku tare a West Bromwich Albion, wato Cyrille Regis da Laurie Cunningham da Brendon Batson, a lokacin da ake jifansu da ayaba a filayen Ingila, kuma a cikin baƙaƙen da suka yi wasa a ƙarƙashinsa an samu waɗanda suka fito suka kare shi. Tarihinsa na alheri gaskiya ne, furucinsa na wariya ma gaskiya ne, ɗaya bai goge ɗaya ba. Desailly da aka kira daƙiƙi kuwa, haifaffen Accra, ya riga ya ci kofin zakarun Turai da Marseille a 1993, da Milan a 1994, da Kofin Duniya a 1998.

Inda ban yarda da Kawu ba ko kaɗan shi ne cewa rigimar Amurka ce aka kwaso. A wannan ƙasa da kuke zaune aka fara yanke hukunci a kan irinta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Zarr, Allah ya yarda da shi, ya yi sa-in-sa da wani mutum har ya goranta masa da mahaifiyarsa, wasu malamai sun ce Bilal ne, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa: "Lallai kai mutum ne da akwai jahiliyya a tare da kai." Ka lura da yadda aka yi hukuncin. Ba a kore shi daga cikin sahabbai ba, ba a kuma ce tunda mutumin kirki ne maganarsa ba komai ba ce. An kira ɗabi'ar da sunanta, an bar masa ƙofar gyara, kuma ya gyara, domin bayan shekaru an same shi a Rabaza shi da yaronsa sanye da tufafi iri ɗaya. Bayan haka, a hukumance sai a 1962 aka soke bauta a Saudiyya, akwai tsofaffi da ke raye waɗanda suka ga zamanin, saboda haka kamanta baƙin mutum da dabbar aiki ba sautin banza ba ne a kunnen jikokin Hausawa da Fulani da Barebari da suka zo Hijaz a ƙafa. Jikokin nan kuwa sun riƙe ƙwallon ƙasar da kai da ƙafa. Muhammad Nur, ɗan Makka, shi ne ƙwaƙwalwar Al-Ittihad lokacin da ta ci kofin zakarun Asiya a 2004 da 2005, kuma Usama Hausawi ne kyaftin ɗin Saudiyya a Kofin Duniya na 2018 a Rasha, inda masu sunan Hausawi uku suke cikin tawagar.

Duk da haka, ɗana, kada ka je wa Kawu da ɗaga murya. Mutanen zamaninsa sun ji abin da ya fi wannan ɗaci a kasuwa da wurin aiki, sun haɗiye domin su riƙe iyali, shi ya sa a kunnensa wanda ya tsaya a kan yabon ƙarfi ya yi adalci. Ka yarda masa da cewa ba ka san zuciyar mai sharhin ba, ka roƙe shi ya yarda maka da cewa maganar ta tauye ɗan wasan. Sauran kuma ya rage ga mai sharhin, domin halin mutum a irin wannan yana bayyana ne ranar da aka ja hankalinsa: akwai mai cewa ban lura ba, na daina, akwai kuma mai cewa ku ne kuka cika ƙorafi, ya maimaita a wasa na gaba.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, barka da aiki. Ɗana ya ce duk mai sharhin da ya ambaci launin ɗan wasa, ko da cewa ya yi asmar, wato mai duhun fata da Larabci, ko baƙin lu'ulu'u, ya yi wariya. Mahaifinsa ya ce mu ma a gida muna da Jatau muna da Duna, ba wanda ya taɓa yin fushi. Shin ambaton launi kansa laifi ne?

Wata uwa, Jidda

AMSA

Hajiya, barka kadai. Ɗanki ya ɗan zarce, maigidan kuma ya ɗan sassauta. Launi ba aibi ba ne da za a riƙa kauce wa ambatonsa, Alƙur'ani ma a aya ta 22 ta Suratur Rum ya lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Wanda yake jin kunyar a ce masa baƙi, tamkar ya yarda ne da masu ganin baƙi nakasa ce. Amma aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana jifan juna da laƙubba, kuma Imam Nawawi, da yake lissafa wuraren da ya halatta a ambaci mutum da siffarsa, ya sa sharaɗi mai kyau: ya halatta idan da ita aka san shi kuma don a gane shi ake faɗa, ya haramta idan don tauyewa ne, sannan idan akwai wata hanyar gane shi to ita ta fi. Ɗan ƙwallo yana da suna da lamba a bayan rigarsa, mai sharhi kuma yana da takardar sunaye a gabansa, saboda haka uzurin ganewa ya yi ƙaranci a filin wasa.

An taɓa tsayar da babban wasa a kan wannan. A ranar 8 ga Disamba 2020 a Paris, a wasan PSG da Basaksehir ta Turkiyya, alƙali na huɗu, ɗan Romaniya, yana nuna wa alƙalin tsakiya wanda za a ba jan kati a benci, sai ya siffanta mataimakin kocin Basaksehir Pierre Webo, ɗan Kamaru, da launinsa. Ɗan wasan Basaksehir Demba Ba ya tunkare shi da tambayar da ta zagaye duniya, cewa me ya sa in Bature ne ba a cewa wancan farin, sai a ce wancan mutumin? 'Yan wasan ɓangarorin biyu suka fice daga fili, sai washegari aka ƙarasa wasan da wasu alƙalan. Hukumar ƙwallon Turai ta bincika, ba ta same shi da laifin wariya ba, amma ta dakatar da shi zuwa ƙarshen kakar saboda halin da bai dace ba. A ganina hukuncin ya yi daidai, kuma tambayar Demba Ba tana nan da ƙarfinta.

Laƙubba irin su baƙin lu'ulu'u, wanda aka yi wa Larbi Ben Barek na Maroko da Pele, ko baƙar damisa da aka yi wa Eusebio, da ƙauna aka raɗa su, ba zan kira mai faɗinsu mai wariya ba, ko da yake zamaninsu yana wucewa. Jatau da Duna kuwa a cikin gida ake kiransu, tsakanin mutanen da suka san juna kuma babu wanda launinsa ya hana shi aure ko aiki a wajen ɗan'uwansa. Makirufon da miliyoyi ke saurara ba tsakar gida ba ne. Wanda babu gardama a kansa shi ne kiran mutum bawa, ko jefa masa Takaruni da sautin raini, wannan ko a filin unguwa yaranku suka ji kada su ɗauke shi wasa.

Tunda maigidan ya kawo maganar gida, bari in ƙara da abin da ba a tambaye ni ba. Laifi tudu ne. A majalisun kallon ƙwallonmu na Jidda da Makka ana jin yadda ake kwatanta baƙin ɗan wasan Sudan ta Kudu ko na Senegal ana dariya, ana jin abin da ake faɗa a kan ma'aikata 'yan Bangaladash, kuma a gidajenmu ake yaba amarya da cewa fara ce tas kafin a tambayi halinta. Yaron da ya iya kama mai sharhi da laifi ya kamata ya iya kama abokinsa da ke zaune kusa da shi.

TAMBAYA TA UKU

Malam, mu matasa ne muna son mu tayar da gangami a shafin X har sai an kori mai sharhin nan daga aiki. Me ka gani?

Wani matashi, Madina

AMSA

Ɗana, ban ga kora a matsayin matakin farko ba. Wanda ya furta zagi tsirara irin na Atkinson, ajiye aiki ya dace da shi. Wanda ya maimaita gurguwar fahimtar da ya gada, abin nema a wajensa shi ne ya gane, ya janye a inda ya faɗa, ya kuma daina, domin in an kore shi an kawo wani mai irin harshensa ba a ci ribar komai ba. Ku rubuta wa tashar takarda cikin Larabci mai kyau, ku faɗi ranar wasan da mintin da aka yi maganar, ku kawo kalaman yadda suke ba ƙari ba ragi, ku bayyana abin da ya sa suka tauye ɗan wasan, sannan ku nemi a janye su a kuma ja hankalin sauran masu sharhi. Idan akwai dattijo ko tsohon ɗan wasa da zai sa hannu tare da ku, takardar za ta fi nauyi. In an yi biris da ku kuma ya sake, a lokacin kuna da hujjar ɗaga ƙara zuwa hukumar da ke kula da kafafen watsa labarai.

Idan kuma za ku yi rubutu a intanet, ku tsaya a kan maganar, kada ku taɓa ƙabilarsa ko iyalinsa ko ƙasarsa, kuma kada ku jingina masa abin da bai faɗa ba. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kaiwa riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya ɓata sunan wani ta waɗannan kafafe, kuma wanda ke zaune da igama ya fi kowa sanin abin da shari'a irin wannan za ta iya jawo wa zamansa. Ku adana faifan wasan cikakke, da abin da ya gabaci maganar da abin da ya biyo bayanta, domin guntun daƙiƙa goma da ke yawo a WhatsApp shi ne abu na farko da tashar za ta ce an yanke.